Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Wurin Aiki: Darasi Daga Gaɓar Tafkin Kainji

Idan aka ambaci haɗarin wurin aiki, hankali yakan tafi ga raunin da ido ke gani, alhali akwai wanda ke taɓa zuciya da tunani, wato damuwa da firgici da rashin barci waɗanda tsarin aikin kansa ke haifarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa damuwa da baƙin ciki mai tsanani suna cinye kwanakin aiki biliyan 12 kowace shekara.

A yankin Yawuri da Ngaski da Shanga, wurin aikin mutane da yawa ba ofis ba ne, domin tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya zama masunta da kasuwa da hanya. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa mai ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kuma ranar 17 ga Yunin shekarar 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. An ƙirga matattu da waɗanda aka sace, amma matuƙin da zai sake bin ruwan domin ciyar da iyalinsa, da masuncin da ya yi nutso ya tsamo gawa, da malamin da zai sake tsayawa gaban allo, ba sa shiga lissafi, sai dai a ce musu su yi haƙuri.

Doka ba ta yi shiru ba, domin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta amince da matsin ƙwaƙwalwar da aiki ya jawo a matsayin abin biyan diyya, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai diyyar ta fi isa ga mai albashi da takardar ɗaukar aiki, ba ga yaron jirgin da ake sallama da yamma ba.

Saboda haka maganin yana farawa ne daga tushen fargabar, wato hana lodin da ya wuce ƙima, da hana tafiyar dare, da samar da rigunan ceto, da tsaron makarantun kwana, kafin a zo ga nasiha. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage, waɗanda suka san kowane matuƙi da sunansa, su ne suka fi dacewa da gane wanda halinsa ya sauya, su hutar da shi ba tare da ya rasa abincinsa ba, su kai shi asibiti ba tare da an kira shi mahaukaci ba. Haƙuri halin kirki ne, amma matuƙin da bai runtsa ba saboda firgici yana ɗauke da rayukan fasinjojinsa duka.