Yarjejeniyar Talaka da Mai Mulki: Mutum Biyu da Suka Gudu Daga Ingila

Na san ba ku manta da Thomas Hobbes da John Locke ba, waɗanda muka sha haddar sunayensu a darasin Gwamnati. Dukkansu sun ce mulki yarjejeniya ce: jama'a su yi biyayya, mai mulki ya ba su wani abu. Sai dai sun saɓa kan abin da zai bayar, kuma a ganina tsoro ne ya raba su.

Hobbes yaƙi yake tsoro. Ya tsere zuwa Paris a 1640, da ya ga rigimar Sarki Charles na Ɗaya da majalisa tana neman zama jini. Haka kuwa aka yi. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, aka fille wa sarkin kai a 1649. A littafinsa Leviathan na 1651 ya ce in babu hukuma, kowa abokin gaban kowa ne, don haka gara a miƙa wa mai mulki iko gaba ɗaya, shi kuwa ya tsare rayuka. Amma fa ya ƙara da cewa biyayya tana ƙarewa ranar da mai mulki ya kasa ba da kariya. Wannan magana ba ta yi wa magoya bayan sarauta da ke gudun hijira tare da shi daɗi ba, ala tilas ya koma Ingila ya miƙa wuya ga sabuwar gwamnati.

Shi kuwa Locke sarki yake tsoro. Ya gudu Holan a 1683, bai dawo ba sai 1689, bayan an tumɓuke Sarki James na Biyu. Ya ce mulki amana ce, an ba da ita don tsare rai da 'yanci da dukiya. Wanda ya ci amanar, jama'a na da ikon sauke shi. Maganar tana da haɗari, shi ya sa littafin ya fito babu sunansa, bai amsa cewa nasa ne ba sai a wasiyyarsa.

Ni Locke nake bi, amma da takaici, domin mutumin da ya rubuta haka a kan 'yanci ya taɓa zuba jari a kamfanin Royal African, mai jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma.