Mai Jinya a Damargu: Aikin da Ya Girmi Asibiti

A asibitin Tanut, kamar sauran asibitocin jihar Damagaram, da wuya a kwantar da mara lafiya shi kaɗai. Tare yake zuwa da mai jinyarsa, galibi uwa ko mata ko ƴar'uwa, wadda za ta shimfiɗa tabarma gefen gado, ta dama kunu, ta yi wanki, ta riƙe shi zuwa bayan gida, ta je sayen magani. Mutane da dama, har da wasu ma'aikatan lafiya, na ɗaukar wannan alamar talauci ce da za ta gushe ranar da gwamnati ta ɗauki isassun ma'aikata. Tarihin Damargu, ƙasar da Tanut take ciki, bai goyi bayan wannan zato ba. Jinyar dangi tsohon tsari ce mai ƙa'idojinta, kuma aikin lafiya ya fi yin albarka a lokutan da ya jingina da ita.

Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Tagelel a watan Janairun 1851 tare da ayarin gishiri na Buzayen Kel Ewey, ya tarar Damargu ce rumbun geron Azbin, mahaɗar Hausawa da Dagira da Buzaye da fataken Kano. A irin wannan ƙasa ta noma da fatauci an raba aikin lafiya gida biyu. Magani na masu sana'a ne: wanzami da ƙahonsa, maɗori ga karaya, ungozoma ga haihuwa, boka da saiwoyinsa, malam da rubutu da tofi. Kowannensu ya gama nasa sai ya kama gabansa. Kwana da mara lafiya, lallashinsa ya sha fura, juya shi, goge masa jiki, tuna masa kalmar shahada in ajali ya zo, wannan duk na dangi ne, baƙo kuwa yana wuyan mai masaukinsa. Addini ya ƙarfafa hakan, domin dubiya haƙƙin Musulmi ce a kan ɗan'uwansa, kuma malamai sun san labarin Rufaida, wadda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu tantinta a Madina bayan ya samu rauni a yaƙin Handaƙ.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, amma likitancin da suka kawo na soja ne da na yaƙi da annoba irin su agana da sanƙarau. Makarantar likita ta Dakar, da aka buɗe a 1918, ƴan kaɗan take yayewa ga yanki mai faɗin gaske. Ma'aikacin da aka tura ƙaramin asibiti allura yake yi, ya wanke gyambo, ya cika rajista. Wato asibiti ya gaji gurbin boka da wanzami ne, ya bar wa dangi nasu kason yadda ya same shi. Bayan Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, horar da ungozomomi da ƴan agajin ƙauye da aka fara a yankin Maraɗi sannan aka yaɗa tsarin, da kuma ɗakunan shan magani da aka gina a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, duk ƙoƙari ne na kai magani kusa da gida, inda ainihin jinya take.

A waɗannan shekarun kuwa, manyan malaman jinya na ƙasashen Turai da Amurka suna ta faɗin cewa allura ba ita ce jinya ba. Virginia Henderson ta lissafa buƙatu 14 na mara lafiya, ciki har da ci da sha, barci, tsafta, sutura, hira da ibada, ta ce aikin ma'aikaciyar jinya shi ne ta taimaka masa da abin da da kansa zai yi in da yana da ƙarfi ko sani. A 1979 Jean Watson ta sa tausayi da zama da mara lafiya a tsakiyar sana'ar. In aka bi jerin Henderson ɗaya bayan ɗaya a Tanut ko Balbeji, za a ga mafi yawansu mai tabarmar nan ce ke cika su.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga yunwar 2005. Gadajen asibiti ba su isa yaran da tamowa ta kama ba, sai aka riƙa ba iyaye mata abincin tamowa mai suna Plumpy'nut su ciyar da yaran a gida, suna dawowa awo mako-mako, ana kwantar da masu tsanani kaɗai. Ƙungiyar MSF ta kula da yara fiye da 60,000 a Nijar a shekarar, akasarinsu ta wannan hanya, kuma a 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin. Daga baya, a gundumar Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da tsinken awo mai launi, aka ga awonsu bai gaza na jami'an ƙauye ba.

Akwai masu ja, kuma ba su rasa gaskiya ba. Na farko za su ce yabon mai jinya rufin asiri ne ga gwamnatin da ta gaza. Lallai binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar, har da Yamai, ya nuna wulaƙanci da halin ko-in-kula. Sai dai maganin wannan ƙarin ma'aikata ne da gyaran hali, ba korar dangi ba, domin sa ruwa a jijiya da lura da numfashi aikin mai horo ne, zaman dare kuwa na mai ƙauna ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu za su ce jinyar gida na kisa: cire hakin wuya da aska mara tsafta, zubar da dakashi, jinkirin kai mai naƙuda asibiti, da wankan jego da kunun kanwa waɗanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciya tun shekarun 1970. Haka ne, amma duk wannan ƙarancin sani ne, kuma uwar da ta iya awon damtse za ta iya gane alamun haɗari in an nuna mata. Na uku, nauyin a kan mata yake, su bar gona da yara su kwana a ƙasa. Wannan ba shi da amsa sai aiki: rumfa, ruwa, murhu da makewayi ga masu jinya.

Saboda haka abin da ya kamaci makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram shi ne ta sa hulɗa da mai jinya cikin darasi, kamar yadda take koyar da allura. Ma'aikacin da za a tura Tarka ko Gangara ya san yadda zai gaishe ta, ya saurari abin da ta lura da shi cikin dare, ya bayyana mata magani da Hausa ko Tamajak kafin sallama, tunda a hannunta za a ƙarasa jinyar.