Daga Fijo zuwa 'yar Kwatano: hannun gwamnati a sana'ar mota a Gombe

Gombe gari ne da hanya ta raina. Tun da Turawa suka dawo da mazaunin sarauta daga Nafada zuwa Doma a 1919, arzikin garin yake zuwa a kan taya. Hanyar Bauchi ta shigo ta yamma, ta Dukku da ta Bajoga suka fito daga arewa, ta Biu ta ratso Dadin Kowa, ta Yola ta biyo Kaltungo da Billiri da Kumo. A shekarun 1950 auduga ta bunƙasa, aka kafa injin gurza, unguwar da ke kewaye da shi har gobe BCGA ake kiranta. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, amma dogo bai shiga ƙauye ba, dole sai mota ta kwaso kaya ta kawo tasha. Mahaifina yana cikin direbobin da suka yi wannan jigila da Bedford, daga baya da Marsandi 911. Ni kuma a shagon kayan gyaran mota na buɗe ido, a nan furfura ta same ni.

Abin da wannan sana'a ta koya mini shi ne, mutanen Gombe ba su taɓa zaɓar wa kansu mota su kaɗai ba. Kowace mota da ta cika garin nan, idan ka bi sawunta, za ka tarar da wata takardar gwamnati a bayanta.

Ta farko da dattawanmu ke tunawa ita ce ta ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da tuƙi daga hannun hagu zuwa dama. Dalilin a fili yake: Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey duk a dama suke tuƙi. Amma sakamakon ya wuce sauya hannu. Motocin Ingila masu sitiyari a dama suka fara tsufa ba magaji, kasuwa ta buɗe wa Faransa da Jamus.

A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, motar da kowa ke kira Fijo. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassanta daga Liyon a sauke a Kano, kafin a kai su Kaduna. Gwamnatin tarayya tana da hannun jari a kamfanin, ita ce kuma babbar mai saye. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta mai da 504 motar hukuma tun daga sama har ƙasa. A lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi, wadda ita ma ta sami rabonta, masana'antar manyan motoci da tarakta ta Steyr. Sakataren ƙaramar hukuma Fijo, alƙali Fijo, malamin makaranta da ya sami bashin mota Fijo. A tasha kuwa 504 mai dogon baya ita ke ɗaukar fasinja zuwa Bauchi da Jos da Kano, a-kori-kura 404 na kai hatsi da awaki kasuwar Kumo.

Kada a ce ina rage wa Fijo daraja. Mota ce mai jure rami, kuma bakanike zai sauke injinta a gindin dalbejiya da safe, ya mayar kafin la'asar. Makanikan da suka koyi aiki a wancan zamani da kunne suke gano cuta: a tayar da mota, su karkata kai, su ce kabureta ce. Sai dai nagarta kaɗai ba ta isa ta cika ƙasa da mota iri ɗaya ba. An tsawwala haraji a kan masu shigowa daga waje, aka bar wa 'yar gida fili.

Abin da gwamnati ta gina da takarda, da takarda ta rushe shi. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Kuɗin da a da yake kafaɗa da kafaɗa da dala, zuwa 1987 sai ka ba da kimanin naira 4 kafin ka sami dala ɗaya. Sassan da ake haɗa Fijo da su daga Faransa suke zuwa, don haka sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Nan aka shiga zamanin 'yar Kwatano, wadda wasu ke kira Beljiyam, 'yan kudu kuma tokumbo: motar da Bature ya hau ya gaji, aka sauke ta a tashar jirgin ruwan Kwatano, ta shigo ta Seme, ko ta zagayo ta Nijar ta ɓullo ta Maraɗi da Jibiya. Da aka ƙirƙiri Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata suka kwararo daga Bauchi, kowa na neman abin hawa, kuma abin da aljihunsu ya iya ɗauka Honda ce da Toyota da Golf. Ni kaina a shekarun nan na fara ture kayan Fijo zuwa bayan shago, na jera na Japan a gaba. Motocin Gombe Line ma, da suka yi suna a hanyoyin Arewa, Toyota Hiace ce ƙashin bayansu.

Daga nan aka fara wani wasa da duk dillalin mota ya haddace. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 5 da ƙerawa, aka ce don kare rayuka da hana ƙasar zama juji. Da ƙorafi ya yi yawa aka mai da shi 8, daga baya 10, daga baya 15. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da sabuwar manufar motoci wadda ta kai haraji da ƙarin kuɗin shigo da mota zuwa kashi 70 cikin ɗari, don a tallafa wa masu haɗawa a gida. Daga 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Kowane karo, a majalisar dillalai tambaya ɗaya ce: "Wa ake so a buɗe wa kasuwa?" Motar da jiya aka ce akwatin gawa ce saboda ta kai shekara 6, daga baya sai aka ce lafiyarta ƙalau tana da shekara 14. Wanda ya ga haka sau uku, ba za ka zarge shi ba idan ya daina yarda da kalmar kare rayuka daga bakin hukuma.

Da wannan kunne muka ji labarin Toyota a Amurka. A watan Agustan 2009, kusa da San Diyego, wani ɗan sandan hanya mai suna Mark Saylor ya rasu tare da iyalinsa uku a cikin wata Lexus da dillali ya ba shi aro. Totur ya maƙale a ƙasa, mota ta yi ta gudu har ta yi karo ta kama wuta. Bincike ya nuna shimfiɗar ƙafa ta roba da aka sa a motar ta wata mota ce daban, ta fi wurin girma, ita ta danne totur. Toyota ya kira miliyoyin motoci a dawo da su a gyara kyauta. A Janairun 2010 ya sake kiran wasu miliyan 2.3 saboda totur da ke jinkirin dawowa, har ya dakatar da sayar da samfuri takwas, cikinsu da Camry da Corolla. A duniya baki ɗaya abin ya haura mota miliyan 8. Ministan sufurin Amurka, Ray LaHood, ya faɗa a gaban 'yan majalisa cewa masu irin motocin su daina hawansu, kafin rana ta faɗi ya janye maganar. Ranar 24 ga Fabrairu, 2010, shugaban kamfanin, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa shi, ya zauna gaban kwamitin majalisar wakilai a Washinton yana ba da haƙuri. A ranar ce aka dawo da Shugaba Umaru 'Yar'aduwa Abuja daga jinya a Saudiyya cikin dare, don haka a rediyo labarin Toyota ya koma na biyu. Amma a gareji shi ne na farko.

Hukuncin gareji bai ɗauki lokaci ba: "Ai siyasa ce, sun ga Japan ta ci kasuwa." Kuma biri ya yi kama da mutum. A 2008 Toyota ya kere General Motors, ya zama kamfanin da ya fi kowa sayar da mota a duniya. A 2009 General Motors ya durƙushe, gwamnatin Amurka ta zuba masa kimanin dala biliyan 50, ta mallaki kusan kashi 61 cikin ɗari na kamfanin. Wato gwamnatin da ke tuhumar Toyota ita ce mai babban abokin hamayyarsa. Ana tsakiyar rikicin, General Motors ya yi tayin rangwamen dala 1,000 ga duk mai Toyota da ya sauya sheƙa. Ba mu kaɗai muka yi zargin ba. Gwamnonin jihohi huɗu da Toyota ke da masana'anta ko yake gina ta a cikinsu, Kentaki da Indiyana da Alabama da Misisifi, sun rubuta wa majalisa suna nuna cewa gwamnatin tarayya alƙali ce mai hannu a shari'ar. Su ma, ba shakka, ayyukan jihohinsu suke karewa. Totur ɗin da ake magana a kai ma ba a Japan aka yi shi ba, wani kamfanin Indiyana ne mai suna CTS ya ƙera. A Fabrairun 2011 injiniyoyin NASA suka gama bincike, suka ce ba su sami aibu a na'urar lantarkin motocin ba, alhali a kan wannan zargi ne aka fi ɗaga murya. A wasu haɗurran ma direba ne ya taka totur yana zaton birki ne.

A nan yawancin abokan sana'ata suka rufe littafi. Ni ban rufe ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Maris na 2014 Toyota ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2, ya kuma amsa a rubuce cewa ya ɓoye wa jama'a da hukuma abin da ya sani game da shimfiɗar ƙafa da totur. Kuma General Motors, wanda ake cewa ana yi dominsa, bai tsira ba. Gwamnati ta sayar da ragowar hannun jarinta a General Motors a Disambar 2013. A Fabrairun 2014 kamfanin ya fara kiran motoci saboda makunnin da ke kashe inji ana cikin tafiya, aibun da injiniyoyinsa suka sani kusan shekara goma. An danganta mutuwar mutum 124 da shi, aka ci tarar dala miliyan 900 a 2015, ƙasa da ta Toyota. Mai zargin siyasa zai ce ga shaida. Mai cewa hukuma na aikinta shi ma zai ce ga shaida. Dukansu biyu suna da gaskiya a hannu: an yi amfani da lamarin don cin kasuwa, kuma totur ɗin yana maƙalewa.

Abin da ya dame ni shi ne rabon da ya iso Gombe. Camry ta 2007 zuwa 2010, wadda ake kira Muscle, tana cikin waɗanda aka kira. Bayan 'yan shekaru ita ce ta cika titin Jekadafari da Fantami da Tudun Wada. A Amurka wasiƙa ake aika wa mai mota har gida, ya kai ta, a datse totur, a sa masa ɗan ƙarfe, a sauya shimfiɗa, bai biya ko sisi ba. Motar da aka yi gwanjonta kafin a gyara, ta haye teku, ta sauya hannu huɗu tsakanin Kwatano da Gombe, wace wasiƙa za ta same ta? Mu kuwa al'adarmu ce mu sayi sabuwar roba mai kauri mu ɗora a kan ta asali don kada ƙura ta ɓata kafet, kusan irin abin da ya kashe Saylor. Haka batun jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. An kira kimanin miliyan 67 a Amurka, kamfanin ya karye a 2017. Honda Accord da muke kira End of Discussion tana ciki, Corolla ta 2003 zuwa 2008 ma tana ciki, kuma ga su nan suna shan ranar Maris da Afrilu a ƙofar gidajenmu.

Shi ya sa idan mai irin waɗannan motoci ya zo shagona, nakan leƙa ƙarƙashin sitiyari kafin mu yi ciniki. In na ga roba biyu, sai in ce, "Alhaji, a cire ɗaya." Wasu su cire, wasu su yi dariya su ce ai waccan magana siyasar Amurka ce. Nakan kuma sa yaron shago ya kwafi lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, ya shigar a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, wanda ke nuna kyauta ko akwai gyaran da ake bin motar.

Wannan aiki bai kamata ya tsaya a kan mai shago ba. Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, muna da hukumar kare haƙƙin masu saye. Tun 2022 kwastan suke amfani da wannan lamba ta shasi wajen ƙididdige harajin kowace mota da ta sauka a tashar ruwa. Lambar da ke faɗa musu nawa za su karɓa, ita ce kuma za ta faɗa musu ko totur ɗin motar na maƙalewa, ko jakar iskarta na iya kashe mai ita. Ranar da hukuma ta fara karanta lambar don amsa tambaya ta biyu, dillalan Gombe za su sami dalilin gaskata ta idan ta ce don rayukanmu take yi.