Ƙwallon Nama Ba Tare da Nama Ba: Yadda Ake Haɗa Shi da Awara ko Agushi



Na san wani zai yi dariya idan ya ji ɗan mai fataucin shanu ne ke koya wa mutane girkin da babu nama a ciki. Mahaifina ya daɗe yana ɗauko shanu daga Potiskum da Wudil, tirela ta biyo ta Makurɗi da Inugu, ta ratsa Lokpanta, ta sauke a Fatakwal. A Borokiri aka haife ni, da kuɗin shanu na yi sakandare. Amma duk wanda ke cikin harkar ya san mai kawo sa ba kullum yake cin tsoka ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kawo kaya Kudu na kusan mako guda bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, mun ga yadda nama ke ɓacewa daga teburin mahauta cikin 'yan kwanaki. Daga baya gas ɗin tirela ya yi tsada, aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi. Sai ga likita ya ce wa Baba ya rage jan nama da gishiri saboda hawan jini. Mutumin da ya saba idan babu abin da haƙori zai kama a miya, to bai ci abinci ba. Daga nan ni da Umma muka shiga gwaje-gwaje, abin da muka gano ne na tattara a nan.

Me ake nufi da shi?

Ƙwallon nama dai sananne ne: a niƙa nama, a sa albasa da kayan yaji, a mulmula, a soya. Larabawa da Indiyawa na kiran irinsa kofta. Abin da ke riƙe shi kada ya wargaje shi ne naman da kansa, domin niƙaƙƙen nama idan aka sa masa gishiri aka cuɗa yakan yi danƙo, ga kuma kitse da ke ba shi laushi. Da zarar ka cire nama ka cire abu huɗu a lokaci guda: jiki, danƙo, maiƙo da ɗanɗano. Kowane sai ka nemo masa madadi. Yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba, jikin kawai suka maye, suka manta da sauran ukun.

Abubuwan da ke tsayawa a madadin nama

Na farko kuma mafi sauƙi gare mu shi ne awara. Asalinta daga Sin take, can sun fi shekara 1,000 suna yinta da sunan tofu. A Najeriya ba ta daɗe haka ba. Ta bazu ne bayan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya a shekarun 1980 da 1990. Sunan ma aro ne daga wara, cukun nonon shanu da Fulani ke daskararwa da tumfafiya. Kun ga ko ta nan ma ba mu rabu da shanu ba. Waken suya busasshe, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, shi ya sa masu kiwo ke zuba dusarsa a abincin dabba. Binuwai da Kaduna na cikin jihohin da suka fi noma shi, kuma a nan Fatakwal ana samunsa wajen masu hatsi a Mile 1 da Mile 3, ko Oil Mill ranar Laraba.

Na biyu shi ne busasshen naman waken suya da ake sayarwa a leda a manyan kantuna. Wani kamfanin Amurka, Archer Daniels Midland, ya fito da shi a shekarun 1960, daga garin waken da aka riga aka tatse mansa. Kusan rabinsa furotin ne. Ana jiƙa shi a ruwan zafi minti 10 zuwa 15, a matse, a niƙa sama-sama. Shi ya fi kama da nama a baki, kuma ba ya buƙatar firji kafin a jiƙa, sai dai ya fi awara tsada kuma ba kowane lungu ake samunsa ba. A Legas akwai VeggieVictory da ke yin irinsa da sunan Vchunks. Su Beyond Meat da Impossible Foods na Amurka kuwa, labarinsu kawai muke gani a intanet, ba na aljihunmu ba ne.

Na uku a wajen maƙwabta na koya, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Wata dattijuwa 'yar Umuahia a layinmu ta ga ina fama da awara, ta ce min su tun kakanni suna da nasu, akpuruakpu egusi, wasu su ce mgbam. Agushi ne ake niƙawa, a haɗa da usu, wani farin dunƙule mai tauri dangin naman kaza da ake kankarewa ya zama gari. A sa barkono da gishiri, a daka a turmi ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya fara tsattsafowa. A matse man, a mulmula, a jefa cikin tafasasshen ruwa ya daɗe yana dahuwa. Idan ya dahu yana da tauri da ɗan tauna kamar ƙoda. A miyar achara suke sa shi. Na ce mata, "Mama, ashe kun riga Turawa." Ta ce ita ba ta san da wata gasa ba, abinci ne kawai. Masu kayan miyar Inyamurai a kasuwar Creek Road sun san usu, ka tambaya da sunansa.

Naman kaza da dafaffen wake ma suna shiga, amma a matsayin ƙari. Wake shi kaɗai ƙosai zai ba ka ko alale.

Yadda muke yi da awara

Idan za ka saya, ka nemi ɗanya wadda ba a soya ba, kuma ta ranar. Ka shinshina. In ta fara tsami ko santsi a hannu, bar ta.

Idan a gida za a yi, a jiƙa waken awa 6 zuwa 8. A zafin nan namu kada a bar shi ya kwana ya wuni, zai yi tsami. A wanke, a kai niƙa, a tace da ƙyalle mai laushi. Ɗan manja kaɗan a cikin ƙullun yana kwantar da kumfa. A ɗora madarar a wuta ta tafasa sosai. Wannan tafasar ba ta wasa ba ce, domin ɗanyen waken suya na ɗauke da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi. Sannan a riƙa zuba ruwan tsami na kamu a hankali, ko ruwan tsamiya, ko lemun tsami, har ta dunƙule ruwan ya koma garau. A kwashe a buhu mai tsabta, a ɗaure, a danne da dutse.

To a nan ne bambancin yake. Awarar suya ana barinta da ɗan ruwa don ta yi taushi. Ta ƙwallo kuwa sai an matse ta fiye da haka, ta kai idan ka marmasa ta a hannu tana warwatsewa kamar dambu. Gwajinmu na farko ban san haka ba. Na mulmula ta da ruwanta, na jefa kai tsaye cikin miyar tumatir, kafin minti biyar babu ƙwallo ko ɗaya, sai wani abu kamar fate. Baba ya leƙa tukunya ya ce, "Kai, wannan ko maraƙi aka ba zai juya kai." Umma ta ce, "Alhaji, ai ka bari yaro ya koya."

Akwai wata dabara idan kana da firiza kuma an yi sa'ar wuta ta zauna: ka sa awarar ta ƙanƙare, ka fito da ita ta narke, sannan ka matse. Ƙanƙarar na buɗa ƙananan ramuka a jikinta, ruwa ya fita da yawa, ta koma kamar soso mai shan romo, ga tauna irin ta nama. Ban ga abin da ya kai wannan gyara ta ba.

Ga awo da ya zauna mana. Awara matsattsiya kamar rabin kilo, ƙwai 1, fulawa ko garin busasshen burodi cokali 3, garin ƙuliƙuli cokali 2, albasa babba 1, attaruhu 2, daddawa ɗaya a daka, sai citta, tafarnuwa, masoro da ɗan kanumfari. Albasar kada a sa ta ɗanya. A yanka ƙanana, a soya a man gyaɗa cokali 2 har ta yi ja, a juye har da man. Ɗanyar albasa ruwa take saki a cikin ƙwallon, ita ke fasa shi a kasko. Soyayyar kuwa tana kawo zaƙi, man kuma ya tsaya a gurbin kitse. Daddawa da ƙuliƙuli su ne ke kawo ɗanɗanon nan mai nauyi da harshe ke nema a nama, kuma ƙuliƙulin na sa hanci ya tuna da tsire. Da su a ciki, gishiri kaɗan ya isa, abin da muke nema ke nan saboda Baba.

A cuɗa da hannu sosai, kamar minti 5, har ya fara kama jikinsa. A rufe a bar shi ya huta minti 20 don garin ya sha sauran damshin. Sannan ka gwada ɗaya: ka mulmula, ka ɗan danna da yatsa. In ya tsage ya bushe da yawa, ƙara cokalin mai ko ɗan ruwa. In ya manne a tafin hannu, ƙara gari. Girman kada ya wuce ƙwan zabo. Manya sukan ƙone a waje cikinsu bai yi ba.

Wanda ba ya son ƙwai, ya sa cokali 2 na garin rogo ko sitaci da rabin ƙaramin cokali na kuka. Dabarar ɗanwake ce, kuka ce ke riƙe shi a tukunya, a nan ma haka. Kada a wuce rabin cokalin, in ba haka ba ƙwallon zai yi kore da yauƙi.

Mai ya yi zafi kafin a saka, amma ba har yana hayaƙi ba. Idan ka saka, ka ƙyale shi. Mutane na da saurin juyawa, alhali sai gefen da ke ƙasa ya yi ɓawo sannan zai jure cokali. Minti 6 zuwa 8 ya isa ya yi ja ko'ina. Mai gudun mai da yawa zai iya turara shi minti 15 a madambaci, sannan ya gasa a kasko da ɗan shafen mai. Haka muke yi wa Baba nasa.

Miya kuma a gama ta tukuna. Ƙwallon ya shiga a minti 5 na ƙarshe, wuta a ƙasa, ba a motsawa da ƙarfi. Ya fi dacewa da miyar tumatir ta shinkafa ko taliya, da miyar taushe. A miyar kuka ko kuɓewa, a gaskiya ban ji daɗinsa ba, agushi da usu ya fi shi zama a can. Haka nan ana iya tsira shi a tsinke, a barbaɗa yaji, a ci da albasa da tumatir.

Abin lura

Damshin Fatakwal ba ya raga wa awara. Abin da zai kwana lafiya a Kano lokacin hunturu, a Borokiri kafin dare ya fara wari. Wanda aka soya, in babu firji a cinye shi a ranar. A firji kwana 2 zuwa 3, a firiza ya fi haka, amma fa in wutar ba ta yawan ɗaukewa. Abin da ya narke ya sake ƙanƙara ya sake narkewa, kada a ba yara.

Ta fannin gina jiki awara ba ta da abin kunya, furotin ɗinta mai kyau ne, kuma babu kolestarol a cikinta. Amma akwai bitamin B12 da ba a samu a tsirrai, sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Mu da ke bakin ruwa wannan ba matsala ba ce, kifi na nan a Creek Road. Wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba gaba ɗaya, shi ya kamata ya ga likita kan wannan. Sinadarin ƙarfe na wake ma jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama, tumatir ko lemu a gefe na taimakawa. Wasu kuma jikinsu ba ya karɓar waken suya ko gyaɗa, musamman yara, sai a fara da kaɗan a gani. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.

Ga 'yan'uwa mata masu sana'ar awara a bakin layi, ina ganin akwai kasuwa a nan. Musulmi da yawa a Kudu na tsoron niƙaƙƙen naman kanti saboda ba a san wanda ya yanka ba, ba a san me aka gauraya ba. Wannan babu wannan shakkar. Katolika ba sa cin nama ranar Juma'a a lokacin azuminsu na kwana 40 kafin Ista. Akwai 'yan cocin Adventist, masu yawa a yankin Aba, da wasunsu ke ƙaurace wa nama, ga Indiyawa ma'aikata a Eleme. Sai dai sharaɗi biyu. A faɗa wa mai saye ƙwallon awara ne, kada a bari ya ɗauka nama ya saya, wannan algus ne, kuma a unguwa irin tamu magana ba ta kwana. Sannan idan mai sayen ba ya cin dabba ne sam, a tambaye shi game da ƙwai, domin Indiyawa da yawa ba sa ci. A duba ɗunkulen da aka sa ko mai ɗanɗanon kaza ne ko na kirafish, kuma kada a soya a man da aka soya kifi.

A gidanmu yanzu sau uku a mako ake yi. Baba na cin guda biyar ko shida da shinkafa, har yanzu bai yarda ya kira shi nama ba, "ƙwallon yaron nan" yake cewa. Ranar Juma'a kuwa bayan an sauko daga masallaci, Umma kan sa masa yanka biyu na tsoka marar kitse, wanda likitan ya amince masa.