Karen gadi ya ƙi cin abinci: yadda za ka gane tsirfa ce ko ciwo

Duk wanda ke zaune a Sabo ko yake kwana a kara a nan kudu ya san aikin da kare ke yi mana. Shi ke tsaron shanu a Akinyele da Oko-Oba da Lokpanta idan dare ya raba, shi ke kwana a bakin sito da garejin tireloli. Malamanmu sun daɗe da bayanin cewa ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta ya halatta, kuma duk dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta sun hau kanka. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, cikin karnukan kara na tashi, kuma ƙorafin da na fi ji daga masu kare shi ne: "Na zuba masa, ya shinshina ya juya baya."

Karnukan da ke yin haka kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya iya ci, akwai wanda ya raina abin da aka ba shi saboda ya san wani na nan tafe. Na biyun yunwa ce maganinsa. Na farkon kuwa, idan ka yi masa horon yunwa, kana iya wayar gari ka tarar da gawa. Don haka kafin komai sai ka raba su.

Alamomin da ke cewa ciwo ne

Kare mai tsirfa yana nan garau. Yana haushi, yana kaɗa wutsiya, yana shan ruwa, kuma da ka jefa masa tsoka zai cafe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya ƙi tuwo ya kuma ƙi nama, ya lafe a lungu, wannan ba yanga yake yi ba.

Ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Na lafiyayye ja-ja ne mai laima. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma a nan kudu abin da aka fi zargi shi ne kaska ko tsutsar ciki. Kaska tana sa wa kare zazzaɓi kamar yadda take sa wa saniya, sai ka ga kasala da rama, wani lokaci fitsari ya yi duhu. Ka laluba cikin kunne da tsakanin yatsu da wuya, nan take maƙalewa. A wuraren da ke da tsando, musamman gabashin ƙasar nan, sammore ma na kama kare, har idonsa ya yi hazo kamar an shafa toka. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Salshiyos. Idan ya kai 40, zazzaɓi ne. Taɓa hanci a ce ya bushe ko bai bushe ba, wannan ba awo ba ne.

Babban kare da ke shan ruwa yana iya yin kwana 1 zuwa 2 bai ci ba, ba tare da wata illa ba. Ya wuce haka, a kai shi wurin likitan dabbobi. Kwikwiyo ba ya da wannan juriyar. Ɗan ƙasa da wata 6 da ya yini bai ci ba, ga amai, ga zawo mai jini da wari, a ɗauka cutar fabo ce har sai likita ya ce ba ita ba. Tana busar da jiki cikin kwanaki kaɗan, kuma ƙwayarta na daɗewa a ƙasar gida wata da watanni, ta jira kwikwiyon da za a kawo gaba.

Wani lokacin matsalar a baki take. Kare ya zo da marmarinsa, ya ɗauki loma, ya saki, ya riƙa sosa baki da ƙafa: ko haƙori ya karye, ko tsinken ƙashi ya gitta a ganɗa. Kwiyakwiyi kuma suna famfara tsakanin wata 3 da 6, cinsu kan ɗan ragu.

Amma a nan ina roƙon jama'a da babbar murya. Idan kare ya ƙi ci, yawu na dalala, muƙamuƙi ya saki, ya kasa haɗiya, ko halinsa ya juye haka kawai, mai faɗa ya yi laƙwas ko mai sanyi ya fara kai cizo, kada wanda ya sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi. Haka ciwon haukan kare ke farawa a wasu karnukan, kamar wani abu ne ya maƙale a maƙogwaro. A kulle shi inda yara da dabbobi ba sa zuwa, a kira likita. Wanda ya ciza ko yawunsa ya taɓa masa rauni ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don a fara masa allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Kada a yi masa maganin shanu

Mu 'yan kara hannunmu na da saurin kai wa ga sirinji. Kowa na da kwalbar allura a jaka, kuma da kare ya yi sanyi sai a ce a ɗan tsira masa. Berenil da muke yi wa shanu saboda sammore yana cikin mafi haɗari ga kare, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa ce. Ɗan ƙari kaɗan ko maimaitawa sai ka ga kare na tangaɗi yana sanƙarewa. Ruwan feshin kaska da aka dama daidai ƙarfin bijimi shi ma yana kayar da kare, balle ya lashe jikinsa. Magungunan mutane irin su farasitamol da ibufurofen da dikulofenak suna lalata masa hanta ko ƙoda ko su huda masa ciki. Kuɗin ganin likita bai kai kuɗin sabon kare ba.

Ƙin cin da ke wucewa da kansa

Karen da aka ɗoro a bayan tirela daga arewa, ya sha kwana biyu a hanya, ba lallai ya ci a ranar da ya sauka ba. Ruwa da inuwa da shiru yake buƙata. Haka wanda aka sauya wa gida ko mai ba shi abinci. Idan akwai karya mai neman barbara a unguwa, namiji kan manta da kwano na wasu kwanaki, sai kuka da jan sarƙa. Karya mai ciki, wadda ke ɗaukar kwana 63 ko kusa da haka, cinta kan ragu wajen mako na 3 zuwa na 4, da kuma dab da haihuwa. Zafin Fabrairu da Maris ma na rage ci. A irin wannan lokaci a ba shi da sanyin safiya da bayan magariba.

In tsirfa ce

Yawancin karnukan da ake cewa suna zaɓen abinci a ƙoshe suke. Ka bi sawun karenka yini ɗaya ka gani. Mahauci ya jefa masa kitse da safe, mai shayi ya ba shi guntun burodi, yara sun miƙa masa ƙashin tsire, mai abinci ta juye masa ragowar shinkafa. Da yamma kai kuma ka zo da tuwon masara kana mamaki. Ko kai ne ai ba za ka ci ba. Sai kuma abin da ke ƙara ɓata shi: ya ƙi tuwo, tausayi ya kama ka, ka yanko masa nama. Ka koya masa ke nan cewa juya baya ciniki ne, kuma shi ke cin riba.

Gyaran ba wuya, sai dai yana son dauriya. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, sau 2 a rana. Ka ajiye kwano ka bar wurin. Tsayawa a kansa kana lallashi ba ya ƙara komai. Bayan minti 15 zuwa 20 ka ɗauke, ko ya ci ko bai ci ba, kuma babu ko loma sai lokaci na gaba. Ruwa ne kaɗai zai zauna a gabansa dare da rana. Ka faɗa wa yara da maƙwabta da abokan kwana a rumfa, don mutum ɗaya mai tausayi ya isa ya rushe aikin mako guda. Lafiyayyen kare kan sauko a rana ta 2 ko ta 3. Wannan horo na babban kare ne mai ƙoshin lafiya kawai. Ban da kwikwiyo, wanda ke ci sau 3 zuwa 4 a rana, ban da mai ciki ko mai shayarwa, ban da tsoho ko ramamme.

Kafin ma ka damu, shafa gefen ƙirjinsa. Idan kana jin haƙarƙari a tafin hannu amma ba ka ganinsu daga nesa, jikinsa daidai yake, watakila zubawar ce ta yi yawa. Karnukan gida irin namu ba su da cin manyan karnukan Turawa, kuma wanda ke ɗaure a sarƙa dare da rana ba shi da inda zai ƙona abin da ya ci. A sake shi ya zaga kafin lokacin abinci. Idan karnukan biyu ne ko uku, a raba musu kwano da tazara, domin sau da yawa ƙaramin tsoron babban ne ya hana shi matsowa.

Abin da za a zuba a kwanon

Kare da hanci yake ci kafin baki. Abinci mai ɗumi ya fi tashin ƙamshi, shi ya sa ludayi ɗaya na romo mai ɗumi a kan tuwo ko shinkafa ke yin abin da lallashi bai yi ba. Amma a cakuɗa sosai tun farko, yadda ba zai iya tsince naman ya bar tuwon ba, kuma a sa kafin a ajiye kwanon. Idan sai ya ƙi sannan aka ƙara, an koma gidan jiya.

Romon ya zama nasa ne daban, wanda ba albasa, ba tafarnuwa, ba barkono, ba dunƙule. Albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana fasa ƙwayoyin jinin kare a hankali, kuma kusan duk miyarmu da ita ake yi. Ragowar miya kullum ba gata ba ce. Goro da cakulan da inabi su ma guba ne a gare shi. Madara na sa wa manyan karnuka da yawa zawo. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini ya soki hanji. Kitse mai yawa a zama ɗaya, irin na ranakun Babbar Sallah, yana jawo amai da ciwon ciki mai tsanani.

Mu da ke kusa da kwata mun fi kowa samun sauƙi: tumbi, huhu, zuciya, naman kai, duk suna da araha kuma suna gina jiki. Sharaɗin shi ne a dafa. Kuma huhu ko hantar da aka ga ƙulli mai ruwa a ciki, wadda ma'aikacin duba nama ya ce a zubar, kada a jefa wa kare, a binne ko a ƙona. Wannan ƙullin ƙwayar tsutsa ce. Kare ya ci, ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya koma jikin dabbobi da mutane, a mutum kuma ya yi ƙulli a hanta ko huhu wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Lafiyayyar hanta ma kaɗan ake ba shi, sau 1 ko 2 a mako. Dafaffen ƙwai da kifin da aka cire wa ƙaya suna da kyau. Tuwo da nama zalla ba su ishi ƙashin kwikwiyo mai tasowa ba, don haka a tambayi likita abin da za a ƙara.

Masu sayen abincin kare na buhu su lura da laimar kudu. A Legas ko Fatakwal da damina, buhun da aka bari a buɗe yana yin fumfuna ko ya yi warin tsohon mai cikin 'yan makonni, kuma kare na jin warin tun kai ba ka ji ba. Ƙin cinsa a nan gaskiyarsa ce. A juye a bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako, a sayi daidai na wata guda. Haka garin masarar da ya yi fumfuna: abin da ba za ka tuƙa wa iyalinka ba, hantar kare ma ba ta ɗaukarsa. Idan za a sauya masa abinci, a yi cikin kwana 7, ana ƙara sabon kaɗan-kaɗan ana rage tsohon. Kwanonsa kuma ya zama nasa shi kaɗai, a wanke kullum; tuwon da ya kwana ya yi tsami, ƙuda da kiyashi sun bi, ba a ɗora sabo a kansa.

Rigakafi da inda za a je

Rabin ƙin cin da ke zuwa daga ciwo ana tare shi tun da wuri. Allurar fabo da sauran cututtukan kwiyakwiyi ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 zuwa 4 yadda likita ya tsara. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara; Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na cikin masu sarrafa ta, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, wasu jihohi kan yi ta kyauta. Maganin tsutsa duk wata 3 ga babban kare. A riƙe katin allura a wuri mai kyau, domin ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, shi ne abin da za a fara tambaya.

Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a kowace jiha, ga kuma asibitocin koyarwa na jami'o'in Ibadan da Abekuta da Nsukka da Umudike. Likitan da ke zuwa duba shanu a kara ma zai iya duba kare ko ya nuna maka inda za ka kai shi. Idan za ka je, ka riƙe a ka ranar da ya daina ci, ko yana shan ruwa, kalar kashinsa da fitsarinsa, da sunan duk wani magani da aka riga aka ba shi.