Ciwon rarrabuwar hali: yadda ake gane shi da yadda ake magance shi

Ciwon rarrabuwar hali cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda mutum ɗaya ke bayyana da hali biyu ko fiye. Murya da tafiya su canza, wani lokaci har da suna, sannan in ya dawo hayyacinsa ba ya tuna abin da ya faru. A unguwanninmu na Ndjamena, da an ga haka sai a ce aljanu ne. Mun yi imani da samuwar aljanu, amma ba duk mai irin wannan alama ba ne suka shafa.

Likitoci sun daɗe da sanin cutar. A 2013 littafin jagorar likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya bayyana cewa takan zo da kamannin shafar iska. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 shi ma ya lissafa ta.

Galibi tushenta azaba ce mai tsanani da ta maimaitu tun yarinta: duka, fyaɗe, ko ganin kisa. Hankalin yaro yakan ware abin da ba zai iya ɗauka ba, ya ɓoye shi. Garin da ya ga yaƙin Fabrairun 2008 da bama-baman 2015, ga kuma waɗanda suka gudo daga yankin Tafkin Chadi, bai kamata ya raina wannan batu ba.

Ba a gane ta da gwajin jini. Likita yakan zauna da majiyyaci sau da dama, ya tambayi iyalinsa, ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce, ba kuma shan ƙwaya irin tramadol ba.

Babu ƙwayar da ke warkar da ita kai tsaye. Magunguna na rage damuwa da rashin barci ne kawai. Ainihin maganin tattaunawa ce da ƙwararre, mataki uku: a samar wa majiyyaci kwanciyar hankali, a taimake shi fuskantar abin da ya same shi sannu a hankali, sannan ya koma harkokinsa. Yakan ɗauki shekaru.

Muna kira ga masu ruƙiyya: addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Dukan majiyyaci ko ɗaure shi da sunan fitar da aljani zalunci ne, kuma yana ƙara ciwon. Wanda ya fara maganar kashe kansa, a kai shi asibiti nan take.

Allah ne mafi sani.