Tarihin Rabuwar Tabar Wiwi Gida Uku

Asalin tabar wiwi daga tsakiyar nahiyar Asiya yake, kuma tun fil azal mutane suka yi amfani da ita ta hanya biyu. A Sin da Turai an noma ta don zarenta, kamar yadda muke noman rama, ana tufka igiya da saƙa tufafi. A wasu wuraren kuwa hayaƙinta ake nema. A maƙabartar Jirzankal da ke tsaunukan Pamir a yammacin Sin, an tono kaskon turare na katako mai shekara kusan 2,500, ɗauke da ragowar wiwi mai ƙarfi. Manoma suka yi ta zaɓen irin da ya dace da buƙatarsu, har tsiro ɗaya ya rabu kama daban-daban.

A 1753 masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa irin da ya sani a Turai suna Cannabis sativa. Dogo ne, siririn ganye gare shi, ba ya bugarwa sosai. A 1785 Bafaranshe Lamarck ya duba samfurin da aka kawo daga Indiya, ya ga ya fi gajarta da rassa, ga shi da sa maye, sai ya kira shi Cannabis indica. Na ukun ya zo a 1924, lokacin da masanin tsirrai Janischewsky ya bayyana wani ƙaramin iri mai fitowa da kansa a Rasha, Cannabis ruderalis. Sinadarin mayensa kaɗan ne, amma yana fure da zarar ya kai girmansa, ba ya jiran tsawon rana ya ragu.

Sunayen sun sauya ma'ana a shekarun 1970. Masana irin su Richard Schultes suka liƙa sunan indica ga gajeren iri mai faffaɗan ganye na Afganistan. Masu noma a ɓoye a Kalifoniya ta Amurka suka haɗa wannan iri da dogayen irin Meziko da Kolombiya, aka samu ruwa-biyu irin su Skunk. Daga nan ne maganar kasuwa ta yaɗu: wai sativa tana sa kuzari da yawan surutu, indica kuma tana kashe jiki ta kawo barci.

Ilimi bai goyi bayan wannan rabo ba. Tun 1964, lokacin da Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka gano tsarin sinadarin THC a Isra'ila, aka san shi ne mai bugarwa. Yana sa bugun zuciya ya ƙaru, ya rage tunawa da abin da ya faru yanzu-yanzu, idan ya yi yawa kuma ya kawo firgici da zargin mutane. Ɗan'uwansa CBD ba ya sa maye; daga shi aka yi maganin Epidiolex da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. Saboda haka abin da tsiron zai yi wa mutum ya dogara ne ga yawan waɗannan sinadarai, ba ga siffar ganye ba. Shekaru na haɗa iri sun cakuɗa komai, sun kuma ƙara ƙarfin mayen. A wiwin da aka kama a Amurka, THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014.

Wannan tarihi ya shafe mu. Najeriya ta kafa doka mai tsanani kan wiwi a 1966, ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, amma binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 na shan ta. Ire-iren da ake shigo da su yanzu, kamar wanda ake kira Loud, sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma shan mai yawan THC tun ana ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Iyaye da malamai su faɗa wa matasa gaskiya: babu wani sunan iri da ke mayar da wiwi abin wasa.